Shamuwa Ta Iso

'Yan'uwa manoma, a watan Afrilu ko Mayu za ku ga shamuwa ta sauka a kan tsamiya ko kukar da ke cikin gari. Ba ta da wuyar ganewa: baƙa ce, cikinta kuwa fari fat. Daga kudancin Afirka take zuwa, tana bin ruwan sama, ta yi sheƙa a wurinmu, ta koma da kaka.

Waɗansu da sun gan ta sai su ɗauko iri. A yi hankali. Ruwan fari ya kan sauka sau ɗaya, sa'an nan ya ɗauke har mako uku, gero ya tsiro ya ƙone. Zuwan shamuwa lokacin shiri ne: a kai taki gona, a gyara sungumi. Shuka kuwa sai an tona an ga laima ta shiga ƙasa kamar taƙi guda.

Abincinta fara ne da tsutsa, ga shi ba ta taɓa hatsi. Saboda haka ku kwaɓi yara masu harbi da danƙo, kada kuma a sare itacen da ta yi sheƙa. Mai fesa magani shi ma ya kula, gama farar da ta sha guba tana iya kashe tsuntsun da ya ci ta.