Kariya, Furen Rani A Cikin Tukunya

Daga Rawayya har Gusau da Tsafe, in hunturu ya shigo ciyawa ta bushe, da wuya mu ga fure a gida. Kariya kuwa a lokacin ta ke ado: ta zub da ganye, ta fid da furanni jaja-jaja. Mu mun ɗauke ta itacen daji kawai, alhali a ƙasar Tailan a tukwane a ke renonta ana sayarwa.

Mu sami tsohuwar tukunya, mu huda gindinta, mu cika da rairayi da ɗan ruɓaɓɓen taki. Mu yanko reshe, mu bar shi a inuwa kwana 3 ko 4 bakin ya bushe, kana mu dasa. A baranda ko bakin taga za mu ajiye, inda rana ke bugawa.

Yawan ruwa shi ke kashe ta, gama gindinta kansa randa ne. Sai ƙasa ta bushe sarai mu ba ta. In marka ta zo a Agusta, mu janye ta ƙarƙashin rufi.

Ruwan jikinta fa dafi ne, har kibiya a kan shafa wa. Mu ɗaga tukunyar inda yara da awaki ba su kai ba, mu kuma wanke hannu da sabulu bayan mun yanka.