Wuyan Kwanson Harsashi da Kimiyyar Saiti

A Amurka akwai wata gasar harbi da ake ɗora bindiga bisa tebur, a auna takarda daga nisan yadi 100 ko 200. Gwani shi ne wanda harsasansa biyar suka fi matsuwa wuri guda, har su kusa zama rami ɗaya. Masu wannan gasa ba sa sayen harsashi a haɗe. Da kansu suke ɗura albarushi a kwanso. Cikin shirye-shiryensu kuwa akwai wani aiki mai ban sha'awa ga ɗalibin kimiyya, wato kankare wuyan kwanso.

Ana yin kwanson da tagulla, gaurayen jan ƙarfe kashi 70 cikin ɗari da tutiya kashi 30. A masana'anta akan matsa ƙarfen ne cikin zubi har ya miƙe ya zama bututu, don haka da wuya kaurinsa ya zo daidai ta kowane ɓangare. Wani gefen wuyan kan fi wani da kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na inci, abin da bai kai kaurin gashin kai ba. To, ina ruwan maharbi da wannan ɗan bambanci? Wuyan shi ke riƙe da kan harsashi. Idan gefe ɗaya ya fi kauri, sai kan ya kauce daga tsakiyar bututun bindiga, ya shige shi a karkace. Abin da ke juyawa fiye da sau 150,000 a minti kuwa, ƙanƙanuwar karkata ta isa ta sa shi lilo a iska.

Maganin shi ne a zura wuyan a jikin wata sandar ƙarfe da ta cika shi daidai, a riƙa juya kwanson, wata 'yar aska tana shafe bayansa, ana aunawa. Louis Palmisano da Ferris Pindell, da suka fito da harsashin PPC a shekarun 1970, sun ba gasar samfurin da ya shahara da wannan gyara.

Sai dai aikin yana da haɗari. In aska ta nutsa cikin kafaɗar kwanso, wuyan na iya gutsurewa. In kuma an bar shi da kauri a bindiga mai matsattsen ɗaki, ba zai sami wurin buɗewa ya saki harsashi ba, sai matsin iskar albarushi ya haura abin da aka tsara wa bindigar. Ga bindigar farauta ta gama-gari, mai yalwar ɗaki, wahalar ta fi amfanin yawa, domin siririn wuya yakan buɗe fiye da kima a kowane harbi, ƙarfen ya taurare, ya tsage da wuri.