Yadda zane ke samun nisa

Duk wanda ya taɓa hawa bayan a-kori-kura daga Tama zuwa Buza ya ga abin da zan faɗa. Ƙayar bakin hanya wucewa take fyu, gonakin hatsi na biye a hankali, duwatsun Adar kuwa sai ka rantse tafiya suke tare da kai. Da wannan bambancin gudu ido ke auna kusa da nesa.

Masu fim ɗin zane na farko sun sha wahala a nan, domin takarda shimfiɗe take. In kyamara ta matso kusa da gida, sai wata ma ya ƙara girma a sama, abin da ko yaro ya san ba ya faruwa. Sai suka raba hoton hawa-hawa a kan faifan gilashi: reshe kusa da kyamara, gida a tsakiya, tsauni can ƙasa. A gusa na sama da yawa, na ƙasa kaɗan, a ɗauki hoto guda, a sake gusawa. Hoto 24 ke cika daƙiƙa ɗaya. Wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta yi haka da yankakken kwali a fim ɗinta na 1926. Kamfanin Disney a Amurka ya ƙera babbar na'urar da ya gwada a The Old Mill a 1937, mai cin ma'aikata da kuɗi.

Ni dai wanda ya fi tsaya mini a rai namu ne, Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 ya kuma daɗe zaune a Tawa. Da fitila da kwali ya fara nuna wa mutane inuwar zane a bango. Daga baya ya tafi Kanada ya koyi aiki wajen mai fim ɗin zane Norman McLaren, a 1966 ya fito da Bon voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi. Ba shi da na'ura irin ta Disney. A Samba le Grand na 1977 sai ya koma ga 'yan tsana, ya jera su gaba da baya, nisan ya zama na gaske. Haka ya yi Kokoa, inda dabbobi ke kokawa irin tamu, da makaɗa da 'yan kallo kewaye da fage.

Ya rasu a Wagadugu a 2015. Yaranmu na kallon zanen Japan a waya kullum, kuma na so a ce ko sau ɗaya an haska musu kwaɗin Mustafa a filin makarantar Tama.