Sikila: Yadda garkuwar jiki ke rura kumburi a cikin ɓargo

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu cutar sikila, wato amosanin jini, a Najeriya kowace shekara. Babbar azabar da masu cutar ke sha ita ce ciwon ƙashi, kuma tushensa na cikin ɓargo, inda jiki ke ƙera jini.

Bayanin da aka saba ji shi ne, jajayen ƙwayoyin jini da suka lanƙwashe kamar lauje na toshe ƙananan jijiyoyi, sai wani sashe na ɓargo ya rasa iskar da yake rayuwa da ita. Haka ne, amma bincike ya nuna cewa garkuwar jiki ma na da hannu.

A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani gungun furotin mai suna infilamasom, wanda Jürg Tschopp da abokan aikinsa na Jami'ar Lausanne a Suwizalan suka bayyana a 2002. Aikinsa kamar na mai gadi ne: da ya ji alamar cuta ko rauni, sai ya sa a saki sinadarin IL-1 beta mai jawo zazzaɓi da kumburi.

Jar ƙwayar jinin mai lafiya na kwana kusan 120, ta mai sikila kuwa 10 zuwa 20. Idan ta fashe, takan zubar da him, sinadari mai ɗauke da ƙarfe da ke ba jini launinsa. A 2014 masu bincike a Barazil sun nuna cewa him na tayar da wani nau'in infilamasom mai suna NLRP3.

Gwaje-gwaje kan ɓeraye kuma sun nuna cewa idan IL-1 beta ya daɗe yana yawo a jiki, yakan tilasta wa ɓargo ƙera fararen ƙwayoyi fiye da kima. Su kuma sukan manne wa bangon jijiyoyi, toshewa ta ƙaru, kumburi ya sake tashi.

Wannan ya ƙara fito da amfanin maganin haidiroksiyuriya, wanda ke rage lanƙwashewar jajayen ƙwayoyi da yawan fararen. Haka nan rigakafin zazzaɓin cizon sauro, domin shi ma yana fasa ƙwayoyin jini. Magungunan da ke toshe infilamasom kai tsaye kuwa suna matakin gwaji.

A Abuja, cibiyar bincike da horarwa kan sikila ta Jami'ar Abuja, ƙarƙashin Farfesa Obiageli Nnodu, ta yi gwajin gano cutar a jikin jarirai a wuraren rigakafi na Gwagwalada. Gano ta da wuri na ba likita damar fara kula da yaro kafin cutar ta yi wa ƙashi da sauran gaɓoɓi illa.