Idan Ƙiba Ta Tafi Ta Bar Fata

Mutumin da ya sauke kilo 40 ko 50 daga jikinsa, ko da tsare baki da motsa jiki, ko da tiyatar rage girman tumbi, ko da alluran nan na zamani, yakan ci karo da wani abu da ba kasafai ake gaya masa tun farko ba. Suga ya sauka, hawan jini ya lafa, gwiwoyi sun daina ciwo, yana hawa bene ba haki. Amma da ya tuɓe riga zai yi wanka, sai ya tarar fatar tsohon jikin tana nan daram. Ta ciki ta zubo ta rufe mara, a wasu ma har ta sauko cinya. Ta damtse tana reto idan ya ɗaga hannu. Nono ya zube, na mace da na namiji duka.

Dalilin yana cikin ginin fatar kanta. A ƙarƙashin shimfiɗar da ido ke gani akwai wata mai kauri, wadda aka saƙa da zaruruwa iri biyu: kolajin mai ba ta ƙarfi, da ilastin mai sa ta miƙe ta dawo. Kamar robar ƙugun wando ce. Ja na ɗan lokaci ba ya hana ta komawa, amma idan ta shekara goma a miƙe, ta saki ke nan. Nankarwa da ake gani a ciki da cinya ita ce shaidar wuraren da zaruruwan suka tsinke. Yawan kilon da aka sauke, da tsawon shekarun da aka yi da ƙibar, da shekarun mutum, da shan taba, da gado, su ne ke yanke ko fata za ta ɗan tsuke ko ba za ta tsuke ba. Matashin da ya rage kilo 10 yawanci ba ya ganin komai. Dattijuwar da ta haifi bakwai, sannan ta rage kilo 45, labarinta daban ne.

Masu wannan matsala ƙaruwa suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta kai matsayin cuta. Ga kuma alluran rage ƙiba: Ozempic, da aka amince da ita a Amurka a 2017 don masu ciwon suga, da Wegovy a 2021, da Mounjaro a 2022. Waɗannan sun sa saukar da nauyi mai yawa ya zama abin da mai hali zai iya cikin shekara ɗaya ko biyu.

A wajenmu kuwa batun a lulluɓe yake. Da ma rama ba abin taya murna ba ce a idon jama'a. Wadda ta sha wahala ta rage jiki, a gidan biki abin da za ta ji shi ne, "Hajiya, lafiya kuwa? Ko jinya kika yi?" Sannan babbar riga da zani da hijabi suna rufa asiri sosai, har mutum ya shekara biyar da fatar da ke damunsa, aminansa ba su sani ba. Wanda ya sani shi ne mai jikin, musamman a watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai. Zufa tana taruwa a ƙarƙashin ninkin fatar, iska ba ta shiga, fata tana gugar fata. Wurin ya yi ja, ya saluɓe, ya dinga ƙaiƙayi da raɗaɗi, ƙwayoyin cuta su samu gida, wari ya biyo baya duk da wanka uku a rana. Akwai mai sa hannu ɗaya ya ɗaga fatar cikinsa, ya wanke ƙarƙashinta da ɗayan, ya goge, ya barbaɗa hoda, ya saƙala ƙyalle mai tsabta kafin ya sa wando. Kullum haka. Ga ciwon baya saboda nauyin da ke jan gaba, ga wahalar tsarki, ga kunya tsakanin ma'aurata. Duk mai cewa wannan neman kyau ne kawai bai ga wurin ba.

Man shafawa ba ya mayar da irin wannan fata, komai tsadarsa da daɗin bakin mai tallarsa a Instagram. Ɗamara tana matse ta ne muddin tana ɗaure. Ɗaga ƙarfe yana gina tsoka, tsokar ta ɗan cike gurbin, kuma abu ne mai kyau, amma ba ya rage faɗin fatar da ta yi yawa. Zuƙe kitse ma ba magani ba ne, don idan aka zuƙe abin da ya rage a ƙarƙashin fatar da ta saki, ƙara zubewa take yi. Idan ta yi yawa sosai, hanya ɗaya ce: a yanke.

Aikin ba sabo ba ne. A 1899 Howard Kelly, likitan mata a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, ya yanke wa wata mata fata da kitsen ciki da suka haura kilo 7. Daga baya likitoci irin su Ivo Pitanguy na Burazil suka gyara salon yankan, aka sauko da shi ƙasa inda tufa za ta rufe. A yau mafi sauƙinsa shi ne a cire labulen fatar da ya rufe mara kawai, ba a taɓa tsoka ba. Cikakken aikin ciki ya fi haka. Tun majinyaci yana tsaye ake zana layukan da alƙalami a jikinsa, domin da ya kwanta fatar za ta baje, a kasa gane iyakarta. Bayan an sa shi barci, likita zai yanka daga wannan ƙashin ƙugu zuwa wancan, ya zagaye cibiya da yanka ya bar ta a maƙale da gindinta, ya ɗaga fatar har kusa da haƙarƙari. Idan tsokokin ciki sun rabu a tsakiya, kamar yadda yawan haihuwa kan jawo, sai ya ɗinke su. Daga nan ya jawo fatar ƙasa, ya yanke rarar, ya huda sabuwar kafa ya fito da cibiyar. Wanda fatarsa ta saki har baya, yankan yakan zagaye ƙugu gaba ɗaya. Damtse ana yanka shi ta ciki, daga hammata zuwa kusa da gwiwar hannu, cinya kuma daga matsematsi zuwa ƙasa. Ba a cika haɗa su duka a rana ɗaya ba. Akan raba su da tazarar watanni, saboda tsawon lokacin barci da zubar jini.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, fata ake bayarwa a karɓi tabo, kuma tabon dogo ne, na har abada. Yakan yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya lafa. Mu baƙaƙen fata muna da ƙarin abin lura, don mun fi saurin yin tabon nan mai tasowa ya yi tudu ya wuce iyakar ciwon, irin wanda ake gani a kunnen wasu 'yan mata bayan huji. Mai irin wannan jiki ya faɗa wa likita tun kafin a sa rana.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Likitoci suna son nauyi ya tsaya wuri ɗaya na aƙalla wata shida, kuma ga wanda aka yi wa tiyatar tumbi akan jira shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Idan aka yi gaggawa, mutum ya ci gaba da ramewa, fatar ta sake saki, an yi aikin banza. Macen da ke sa ran haihuwa nan gaba akan shawarce ta ta dakata da aikin ciki. Akwai kuma wani abu da ake yawan mantawa: wanda aka rage wa tumbi yakan yi ƙarancin jini da ƙarancin sinadarin gina jiki, ko da a ido lafiyarsa lau. Jikin da bai ƙoshi ba ɗinki ba ya kama shi. Shi ya sa ake gwajin jini tukuna, a gyara abinci da ƙwai da wake da kifi da nama, a daidaita suga, a bar taba da shisha makonni kafin aiki da bayansa.

Kwanakin farko ba daɗi. Mutum zai farka da robobi siriri a jikinsa suna tsiyayar da ruwa da jini cikin 'yan kwalabe, yana tafiya a duƙe don fatar ciki a ɗame take. Duk da haka za a matsa masa ya tashi ya taka tun washegari, domin gudun daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda idan ya ɓalle ya kai huhu yana iya kisa. Zai sa rigar matsi kamar mako shida, ba ɗaukar kaya, ba goyo, sallah a zaune na ɗan lokaci. Taruwar ruwa a ƙarƙashin fata da buɗewar wani sashe na ɗinki abubuwa ne da suke yawan faruwa ga waɗanda suka rage nauyi sosai, kuma wurin yakan yi watanni a mace ba a jin taɓi. Likitan da bai ambaci ko ɗaya cikin waɗannan ba, a guje shi.

Wannan ya kawo mu ga hannun da za a miƙa wa jiki. 'Yan Najeriya ba su manta da rasuwar uwargidan shugaban ƙasa na wancan lokaci Stella Obasanjo ba, a watan Oktoba na 2005, bayan tiyatar zuƙe kitse a wani asibiti a yankin Marbella na ƙasar Sifen. Aikin nata daban ne, amma ya isa ya nuna cewa kuɗi da jirgi ba sa sayen tsira. Masu zuwa Turkiyya ko Indiya ko Masar su tambayi kansu wa zai duba su idan ɗinki ya buɗe bayan sun dawo gida, kuma doguwar tafiyar jirgi jim kaɗan bayan aiki tana ƙara haɗarin daskarewar jini. A gida akwai ƙwararrun likitocin gyaran jiki a asibitocin koyarwa, su ne dai masu gyaran ƙuna da tsagaggen leɓe da fuskokin yaran da cutar noma ta ci. A tabbatar likita yana da rajista da hukumar MDCN mai kula da likitoci a Najeriya, ya ƙware a wannan fanni, kuma asibitin yana da likitan sa barci da ajiyar jini da ɗakin kulawa ta musamman.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tattauna tiyatar gyaran jiki a zamanta na Malesiya a 2007. Ta halatta wadda ake yi don kawar da cutarwa ko aibi, ko mayar da gaɓa yadda take, ta hana wadda ake yi don sauya lafiyayyar halitta saboda son zuciya ko kwaikwayo. Fatar da ke saluɓewa tana hana tsarki ta fi kusa da kashi na farko, sai dai kowa ya kai wa malaminsa bayanin halin da yake ciki tare da abin da likita ya ce.

Saura kuɗi, kuma nan ne da yawa suke tsayawa. Kamfanonin inshora sukan lissafa aikin a sahun ado, ko a Ingila ma hukumar lafiya ta NHS ba ta biya sai da sharuɗɗa masu tsauri. Wanda bai da hali, ko lafiyarsa ba za ta ɗauki aikin ba, ya mayar da hankali ga ninkin fatar: a wanke a busar da shi sarai, a sa tufar auduga mai shan zufa, a samu matsattsen wando ko singileti da zai tallafe nauyin. Idan wurin ya yi ja yana ɗigar ruwa, a je asibiti a karɓi maganin da ya dace, kada a shafa man bilicin ko wani haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba, don suna ƙara sirantar da fata. Kuma a riƙa adana takardun duk zuwan da aka yi asibiti saboda wannan ciwo, domin su ne hujjar da likita da masu inshora za su nema ranar da aka zo maganar tiyata.