Gasar Hoki Ta Kwalejoji: Ina Tamu A Kafanchan?

Daga Wakilinmu Na Arewa

A Amurka 'yan kwaleji suna da wani wasa, hoki na kan ƙanƙara, mutum 6 kowane gefe. Waɗanda kwalejinsu ba ta ɗauki nauyinsu ba, sai su kafa kulob, su yi karo-karo, su riƙa karawa da kwalejojin yankinsu. Tun 1991 suke da ƙungiyarsu ta ƙasa, watau ACHA.

Mu a Kafanchan ƙanƙararmu ba ta wuce ta damina. Amma hoki na fili, mai mutum 11, sanda da ƙwallo da fili kawai yake bukata. Ga Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna, ga kwalejin koyon aikin jinya, duk kusa da juna. Me zai hana su shirya gasa tsakaninsu, maimakon zaman jiran NICEGA ko NUGA? Samarin da suka saba haɗuwa a fili, da wuya a zuga su faɗa da juna.

To, 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun, in an zo taron ƙungiyar gari, a tuna da kuɗin kofi da sanduna.