Sukarin Shayin Dabaga da Aikin Zaune

A Dabaga, garin lambuna da ke bakin ƙoramar Telwa, arewa maso gabas da Agadas, albasa ake nomawa da tafarnuwa da dankali. Sukari kuwa baƙo ne. Amma zauna da mai lambu bayan la'asar ka ga yadda yake ɗura shi a 'yar butar shayi bisa garwashi, tun daga dahuwar fari har ta uku. A mota duk ya zo, kuma ba mai tambayar nawa manomin raken ya samu.

Wannan tambayar ce tushen cinikin adalci. A tsarin Fairtrade ba a yanka wa sukari farashin da ba zai gaza ba, kamar yadda aka yi wa gahawa. Ana dai ɗora dala 60 a kan kowane tan, ko 80 idan ba a sa wa raken takin zamani da maganin feshi ba. Kuɗin na ƙungiya ne, manoma ke zama su yanke abin da za a yi da shi. A Faraguwai, ƙungiyar Manduvira ta gaji da kai rakenta injin wasu, ta buɗe nata a 2014.

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina yana tsibirin Morishas. Can kamfanin Craft Aid, wanda aka kafa a 1982 don sama wa naƙasassu aiki, yake ƙulla sukarin da ake kaiwa Turai. Dubi aikin da kyau: a auna, a zuba, a liƙe baki, a manna takarda. Ba sai da ƙafa ba, ba sai da kunne ba. Albashi ake biya, ba sadaka ba.

Doka kam muna da ita. Tun 1993 Nijar ta ware wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatar da ke da mutum 20 ko fiye. Najeriya ta sa hannu a kan tata a 2019. To, amma wane lambu ne a Abzin yake da 'yan albashi 20? Dokar Nijar ɗin ba ta ƙetare ƙoramar ba.

Aikin zaunen kuwa ga shi nan jibge. In albasa ta kama, akwai tsinta, akwai ware manya da ƙanana, akwai ɗinkin bakin buhu, akwai riƙe littafin ƙungiyar masu lambu kafin motocin kudu su ɗauka. Gurgun da ke zaune a bakin tasha ba abin da zai gagare shi a ciki, in dai shugaban ƙungiya ya rubuta sunansa.